Wa ya rubuta kundin tsarin mulkinmu, kuma da yawun wa?

Malam Nura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga lauyoyinmu da dattawa. A darasin zama ɗan ƙasa da muke koyarwa, muna gaya wa yara cewa dimokuraɗiyya ta tsaya ne a kan yardar jama'a, kundin tsarin mulki kuma shi ne yarjejeniyar da jama'a suka ƙulla a tsakaninsu. To namu na 1999 ya buɗe da cewa mu al'ummar Tarayyar Najeriya ne muka zauna muka tsara wa kanmu shi. Alhali kowa ya san dokar soja ce ta kawo shi, mai lamba 24 ta 1999, a zamanin Janar Abdulsalami. Ba a yi zaɓen raba gardama ba, ba a tambayi kowa a rumfar zaɓe ba. Gwamnatin da aka ɗora a kan irin wannan takarda, za a kira ta gwamnatin jama'a? Ko dai muna koya wa yara abin da mu kanmu ba mu gamsu da shi ba ne?

Auwalu Ɗankasuwa:
Wa'alaikumus salam Malam. Ai amsar tana cikin tambayar. Soja ya rubuta, ɗan siyasa ya karɓa, talaka ya bi layi cikin rana. A rufe zancen kawai.

Barista Halima:
Kada a rufe tukuna, Alhaji Auwalu, yanzu aka fara. Malam Nura, abin ma ya wuce yadda ka faɗa. Dubi jerin ranakun. Abacha ya rasu 8 ga Yuni 1998. A watan Nuwamba aka kafa kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya zagaya ya ji ra'ayin mutane, bai cika wata biyu ba ya miƙa rahoto. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Disamba 1998, na gwamnoni a Janairu 1999, na majalisar tarayya da na shugaban ƙasa a Fabrairu. Kundin kuwa sai 5 ga Mayu 1999 aka sa masa hannu. Wato duk wanda ya ci zaɓe a lokacin, ya ci kujerar da bai ga takardar da ta fayyace ikonta ba. Manyan lauyoyi sun daɗe suna cewa jimlar farko ta kundin ba gaskiya ta faɗa ba, kuma ban ga ta inda za a kare ta ba.

Amma akwai abin da masu wannan suka suke tsallakewa. Abin da kwamitin Niki Tobi ya dawo da shi shi ne, yawancin mutanen da suka ji ta bakinsu sun fi son a koma wa kundin 1979 a yi masa kwaskwarima. Haka aka yi. Saboda haka in ana neman asalin yarjejeniyar, sai a koma shekarun 1975 zuwa 1978. A can ne aka yi aikin gaske.

Sadiq:
Anti Barista, shi ɗin ma ai soja ne. Murtala da Obasanjo. Ina bambancin?

Baba Ɗanjuma:
Bari in shigo nan, tunda wannan a gaban idona aka yi, ina ƙaramin akawu a Kaduna.

Ɗana Sadiq, soja ne ya kira taron, amma ba soja ne ya yi gardamar ba. Murtala ya ƙaddamar da kwamitin rubuta kundi a Oktoba 1975. Mutum 50 aka naɗa, Awolowo ya ƙi shiga, saura 49, Rotimi Williams na shugabanta. Da suka gama a 1976 ba a ɓoye daftarin a aljihun tebur ba, an sake shi ga jama'a. Kusan shekara guda ana tafka muhawara a jaridu da rediyo da jami'o'i. Dokta Bala Usman da Dokta Segun Osoba, da suke cikin kwamitin, suka ce ba su yarda da abin da aka rubuta ba, suka fitar da nasu daban, suna cewa wannan kundin masu hannu da shuni ne. A ofishinmu New Nigerian ɗaya ake saye, sai ta zagaya tebur bakwai kafin azahar, kowa ya ja layi da biro a ƙarƙashin abin da ya ɓata masa rai. Masinjanmu bai iya boko ba, amma sai ya tsare mutum ya fassara masa.

Sai aka kafa majalisar tsara kundi a 1977, Mai Shari'a Udo Udoma ke jagoranta. Yawancin wakilan kansilolin ƙananan hukumomi ne suka zaɓe su. Ba mu ne muka jefa musu ƙuri'a kai tsaye ba, amma mun san su, 'yan garuruwanmu ne. Shehu Shagari ma yana ciki. A Afrilu 1978 aka kai ruwa rana a kan kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren, sai da Obasanjo ya sa baki suka koma. Aka tsaya a kan jihar da take so ta kafa tata, a kuma sa alƙalai masana shari'ar Musulunci a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Ba wanda ya fito yana murna. Ni a ganina wannan ce alamar an yi ciniki na gaskiya.

Barista Halima:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Sai dai a cika labarin: bayan majalisar ta gama ta watse, majalisar ƙoli ta soja ta ɗauki alƙalami ta yi nata gyare-gyaren. Ta cusa dokar mallakar ƙasa ta 1978, da dokar yi wa ƙasa hidima, da ta hukumar tsaro, ta ɗaure su a jikin kundin yadda ba za a taɓa su ba sai an bi hanyar gyaran kundi. Har yau suna nan a sashe na 315. Shi ya sa gonar da mutum ya gada kaka da kakanni, a takarda amana ce a hannun gwamna.

Anti Bilki:
Baba, cikin 49 ɗin nan mata nawa ne?

Baba Ɗanjuma:
Babu ko ɗaya, 'yata.

Anti Bilki:
To shi ke nan. Ku ci gaba da "mu al'umma".

Baba Ɗanjuma:
Kina da gaskiya, ba zan yi miki musu ba. Amma ki haɗa da wannan: a zaɓen 1959 mace a Arewa ba ta da ƙuri'a, maza kaɗai. Su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan irin wannan magana. A zaɓen 1979 ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Na ga mahaifiyata ta yafa mayafi ta fita ta dangwala wa mabuɗi, alamar jam'iyyar PRP, tana cewa Malam Aminu Kano take yi. Kundin da maza 49 suka zana, shi ne ya tabbatar mata da wannan.

Sadiq:
Ni abin da na karanta, ita Amurka da muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga wurinta, nata ma ba a tsakiyar kasuwa aka rubuta ba. Mutum 55 ne suka taru a Filadelfiya a 1787, suka rufe ƙofa, ba ɗan jarida, ba mace, ba bawa, da yawansu ma masu bayi ne. Su ma suka buɗe da "mu al'umma". Bambancin kawai, sun mayar da shi jihohi, aka zaɓi wakilai a kowace jiha suka yi gardama, aka ce sai 9 cikin 13 sun amince zai fara aiki. To ashe babu ƙasar da ta fara da tsabta.

Malam Nura:
Sadiq, wannan bambancin da ka kira "kawai" shi ne tambayata gaba ɗaya. Sun mayar wa mutane sun ce ku duba. Mu ba a mayar mana ba.

Lawali Maraɗi:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in faɗi namu na Nijar, don abin da Malam Nura yake nema mu mun yi shi, har sau da yawa.

Bayan an harbi ɗalibai a gadar Kennedy a Yamai ran 9 ga Fabrairu 1990, ƙasa ta ɗauki zafi, ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan makaranta suka tilasta wa Janar Ali Saibou ya yarda da jam'iyyu da yawa. Aka kira babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, Farfesa André Salifou na shugabanta. Hajiya Bilki, wannan naki ne: da mata suka ga an kusa mantawa da su a kwamitin shirya taron, suka fito zanga-zanga ran 13 ga Mayu 1991, sai da aka ƙara musu kujeru. Ranar ce har yau ranar matan Nijar. Taron nan ya ce shi ne mai iko, ya ƙwace mulki daga hannun shugaban ƙasa ya bar masa suna, ya naɗa Cheiffou Amadou faraminista. Ana sa shi kai tsaye a rediyo, mutum na gona da rediyonsa rataye a reshe yana jin ana titsiye manyan da a da ko sunansu ba a iya kira da ƙarfi. Aka rubuta kundi, aka kai shi zaɓen raba gardama ran 26 ga Disamba 1992, jama'a suka amince. A 1993 aka zaɓi Mahamane Ousmane.

Duk sharaɗin da Malam ya kawo an cika shi. Shekara nawa ya yi? Bai cika huɗu ba. Kundin ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da faraminista irin na Faransa. Da 'yan adawa suka ci rinjaye a majalisa a farkon 1995, Hama Amadou ya zama faraminista, sai aka koma zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Shugaba ya ƙi kiran taron ministoci, faraminista ya yi naɗe-naɗensa, aikin gwamnati ya tsaya cik. Ran 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Baré Maïnassara ya kwashe su duka.

Ban ce tambayar jama'a ba ta da amfani ba. Na ce ba ita ke riƙe gwamnati ba.

Auwalu Ɗankasuwa:
Ka ga abin da nake faɗa. Ko an tambaye ka ko ba a tambaye ka ba, mai bindiga ne ke da magana ta ƙarshe.

Barista Halima:
Ba kullum ba, Alhaji. Ga misali biyu a jere, Malam Lawali ya gyara mini in na kauce a na Nijar.

A 2006 aka kawo ƙudurin gyaran kundi da zai buɗe wa Obasanjo hanyar wa'adi na uku. Shugaba ne mai ci, tsohon janar, jam'iyyarsa ke da rinjaye a majalisu biyu da yawancin jihohi. Amma sashe na 9 ya ce ba a taɓa kundin sai da kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Ken Nnamani, shugaban majalisar dattawa, ya bari aka haska muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya tashi ya faɗi matsayinsa mutanen mazaɓarsa na kallo. Ran 16 ga Mayu 2006 ƙudurin ya mutu a zauren. Kundin da soja ya sa wa hannu ne ya taka wa tsohon soja birki.

A Nijar kuwa a 2009, Tandja ya so tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce ba hali. Ya rusa majalisa, ya rusa kotun, ya kira zaɓen raba gardama a watan Agusta, ya ce ga shi jama'a sun yarda. Wato da sunan tambayar jama'a aka karya yarjejeniyar jama'a.

Lawali Maraɗi:
Haka aka yi, Barista. Mace ce ma ke shugabantar kotun, Salifou Fatimata Bazeye. Ƙarshensa soja Salou Djibo ya yi masa juyin mulki ran 18 ga Fabrairu 2010.

Barista Halima:
To ka gani. Abin da nake so Malam Nura ya kai wa ɗalibansa shi ne, haihuwar kundi abu ɗaya ce, rayuwarsa wani abu ne daban. Takarda tana zama ta jama'a ne a ranar da mai iko ya so wani abu, ta hana shi, ya kuma hanu. Da wannan ma'aunin nake auna namu, kuma sakamakon gauraye ne. A 2006 ta ci. A 2015 da Jonathan ya buga wa Buhari waya kafin a gama sanar da sakamako, ta ci. Wurare da yawa kuma ta faɗi warwas.

Malam Nura:
Na ji wannan, amma bai warware mini duka ba. In na karɓi hujjarki, kenan duk wanda ya ƙwaci mulki ya rubuta abin da ya ga dama, in aka daɗe ana bi sai ya halatta?

Barista Halima:
A'a. Sai in akwai ƙofar gyara a buɗe, kuma waɗanda jama'a suka zaɓa ne ke riƙe da mabuɗinta. An yi ta gyara kundin nan tun 2010. A 2018 aka rage shekarun takara, shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25, kuma matasa ne suka yi ta zirga-zirga har aka yi. A 2023 aka ciro jirgin ƙasa da gidajen yari daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kai, aka ba jihohi dama, aka kuma faɗaɗa ikonsu a kan wutar lantarki. Inda nake tare da kai shi ne, kundin bai tanadi hanyar da za a kai sabon kundi gaban jama'a su ce e ko a'a ba. Shi ya sa taron ƙasa na 2014 da Mai Shari'a Idris Kutigi ya jagoranta, wakilai 492, ya ƙare a kan kanta. Ba shi da ƙofar shiga sai ta majalisa, majalisa kuma ba za ta daɓa wa kanta wuƙa ba.

Auwalu Ɗankasuwa:
Duk wannan Turancin manya ne. Ni ku nuna mini inda takardar nan ta ce a ba ɗana makaranta da magani. In babu, ban ga amfaninta ba.

Barista Halima:
Akwai, kuma babu. Babi na 2 ya faɗi duk abin da kake so. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaro da walwalarsu shi ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 18 ya yi maganar ilimi kyauta, amma ya ce in hali ya yi. Sai sashe na 6 ya zo ya ce kotu ba ta da hurumin sauraron ƙara a kan ko gwamnati ta cika abin da ke Babi na 2. Ba za ka iya kai gwamna kotu don asibitinku ba magani ka dogara da wannan babin kaɗai ba. Wanda kotu ke tsaya maka a kai shi ne Babi na 4: rai, mutunci, 'yancin walwala, shari'a ta adalci, addini, faɗar albarkacin baki, taro.

Auwalu Ɗankasuwa:
Wato an ba ni 'yancin in yi ihu ina jin yunwa, ba a ba ni tuwon ba.

Baba Ɗanjuma:
Kusan ƙorafin su Bala Usman kenan tun 1976. Amma Auwalu, kada ka raina ihun. Kai ba ka san zamanin da ake ɗaure mutum a kotun alƙali don ya je taron NEPU ba. Da ihun nan aka kai ga 1979, da PRP ta ci Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ka tambayi duk dattijon ƙauye abin da haraji yake nufi, lokacin da mutum ke kwana a dawa don dagaci na nemansa. Ƙuri'a ce ta cire wannan, ba bindiga ba.

Sadiq:
Baba, amma ai Balaraben ba su bar shi ya yi shekara biyu ba.

Baba Ɗanjuma:
Kada ka tayar mini da tsohon miki. Gwamna na PRP, majalisa NPN ta cika ta da rinjayen da ya kai su yi abin da suka ga dama. Duk sunayen kwamishinonin da ya aika suka yi watsi da su, ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya. Ran 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Mutumin da talakawan jihar Kaduna, har da Katsina a lokacin, suka zaɓa, 'yan mutane a ɗaki ɗaya suka cire shi. In wannan ne rabon iko da kuke koya wa yara, to ni na ga ɓarnarsa da idona.

Barista Halima:
Baba, da girmamawa, su ma 'yan majalisar nan talakawan ne suka zaɓe su, a mazaɓu ɗaya, a wata ɗaya kusan. Mutane sun ba PRP gwamna suka ba NPN majalisa. Ba ina cewa tsigewar adalci ce ba, siyasa ce tsagwaronta. Abin da ya fi damuna a shari'ance shi ne kundin 1979 ya rufe wa kotu ƙofa a maganar tsigewa, Balarabe ya je kotu aka ce ba hurumi. Sai daga baya, a shari'ar tsige Ladoja na Oyo, kotun ƙoli ta ce in ba a bi ƙa'idar da kundi ya shimfiɗa ba, kotu na da ikon rushe tsigewar, aka mayar da shi kujerarsa. Amma ka dubi majalisun jihohinmu na yau. Gwamna ya aiko da kasafin kuɗi da safe, kafin la'asar an buga guduma. Tsakanin majalisar da ta hana gwamna sakat da 'yan amshin shata, wacce ta fi kusa da abin da sashe na 4 da na 5 da na 6 suke nufi da suka raba yin doka da zartarwa da shari'a?

Baba Ɗanjuma:
Duk biyun ba alheri. Amma ke ba ki ga Kaduna a ranar ba.

Auwalu Ɗankasuwa:
'Yan santsi da 'yan taɓo na PRP, har yau ba ku huce ba 😂

Baba Ɗanjuma:
Yaro, lokacin ko tatata ba ka fara ba.

Admin:
Jama'a a yi hattara. Muhawara ce ta ilimi. Alhaji Auwalu, Baba sa'an mahaifinka ne.

Auwalu Ɗankasuwa:
Tuba nake Baba, wasa ne.

Sadiq:
Wata tambaya. Me ya sa a zaɓen shugaban ƙasa ba a ce wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ci kawai ba? Mene ne na kashi 25 a jihohi?

Baba Ɗanjuma:
Saboda abin da ya kashe jamhuriya ta farko. NPC ta Arewa, AG ta Yamma, NCNC ta Gabas, kowa sarki a gidansa, har aka kai ga juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa. Waɗanda suka rubuta na 1979 duk sun ga wannan. Suka ce wanda zai mulki ƙasa dole ya je roƙon ƙuri'a inda ba a jin yarensa. A gwajin farko ma sai da aka yi rigima. Jihohi 19 ne, ana son kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohin. Shagari ya samu a 12, a Kano ya tsaya a kashi 19.94. Awolowo ya ce biyu bisa uku na 19 ai 13 ne. Richard Akinjide ya ce 12 ne da biyu bisa uku na jiha ta 13, a lissafa da kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano. Kotun ƙoli ta ba Shagari gaskiya ran 26 ga Satumba 1979, kwana biyar kafin rantsuwa, Mai Shari'a Kayode Eso ya ƙi yarda. Mu 'yan PRP dariya muka yi ta yi, wai ƙuri'un Kano da Malam ya kwashe su ne aka yanka gida uku.

Barista Halima:
Yanzu da jihohi 36 lissafin ya fita daidai, 24. Sai rigimar ta koma kan ko dole ne a samu kashi 25 ɗin a Abuja, kamar yadda aka gani a shari'ar zaɓen 2023.

Anti Bilki:
Ni duk wannan na sama ne. Ku sauko ƙasa. A ƙaramin asibitin da nake aiki, rufin ɗakin haihuwa na yoyo, in ana ruwa da daddare bokiti muke tarawa a gefen gado, fitilar waya a baki. Wa zan kama? Kansila ya ce ciyaman, ciyaman ya ce kuɗi na jiha, ɗan majalisa ya ce ba aikinsa ba ne amma zai duba cikin ayyukan mazaɓa.

Barista Halima:
A takarda ƙaramar hukuma ce ta fi kusa da wannan. Sashe na 7 ya ce dole shugabanninta su zama zaɓaɓɓu, amma sashe na 162 ya sa kuɗinsu ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Nan gizo ke saƙa. Gwamnoni suka riƙa naɗa kantomomi suna riƙe kuɗin. Ran 11 ga Yuli 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓu haramun ne. Sai dai hukumar zaɓen jiha ce har yanzu ke shirya zaɓensu, gwamna ke naɗa ta, shi ya sa za ki ga jam'iyya mai mulki ta lashe kujeru kaf kamar an share da tsintsiya.

Sadiq:
To a yi wa ɗan majalisar kiranye mana.

Barista Halima:
Karanta sashe na 69 da na 110 kafin ka fara. Sai fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba. Sannan hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'a. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin masu rajista sama da miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Wato cire ɗan majalisa na bukatar mutanen da suka ninka waɗanda suka sa shi. An gwada a kan Dino Melaye a 2018, a wurin tantancewa abin ya watse.

Anti Bilki:
Kenan ba abin yi sai bokiti.

Barista Halima:
Akwai ƙaramar hanya da mutane ba sa bi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa dama ya rubuta wa hukuma ya nemi takardun kasafi da na kwangila, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma a ba shi amsa cikin kwana 7. In an yi shiru, wannan kansa abin kai wa kotu ne. Ke ma'aikaciya ce, kada ki sa sunanki. Kwamitin ci gaban unguwa ko ƙungiyar matan garin su rubuta, su tambayi nawa aka ware wa gyaran asibitin a kasafin bana da na bara, wa aka ba aikin. A yi kwafi biyu, a sa akawun da ya karɓa ya buga hatimi da kwanan wata a kan naku.

Auwalu Ɗankasuwa:
Su amsa? Allah ya sa.

Lawali Maraɗi:
Ko ba su amsa ba, ku dai kuna da kotun da za ku kai takardar mai hatimi. Barista, ki turo mana samfurin wasiƙar a nan, ina so in ga yadda ake tsara ta.

Barista Halima:
Zan turo bayan isha'i, da Hausa da Turanci. Anti Bilki, ki aiko mini ta akwatin sirri ko asibitin na ƙaramar hukuma ne ko yana ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha, don in san wanda za a rubuta wa.